Labarin Bishop Samuila Ajayi Crowther, Mutumin da ya Koyi Sauraro

Mutanen dā sun ce kunne ya girmi kaka, gama da kunne mutum ya ke sanin abin da ya faru tun ba a haifi kakansa ba. Littafi Mai Tsarki kuma ya ba kunne girma ƙwarai. Manzo Yaƙub, cikin sura ta fari ta wasiƙarsa, ya gargaɗi masu bi su sa ji a gaba, magana da fushi su biyo baya. Sulemanu kuma ya koya mana cikin Misalai, wanda ya ba da amsa tun bai ji ƙarshen zance ba, kunya ya jawo wa kansa. Amma gargaɗi ya fi shiga zuciya in an gan shi cikin zaman mutum. Domin wannan, ya ku 'yan'uwa na Yawuri da Ngaski da Shanga, za mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya yi wajen shekara 50 yana hawa da gangara bisa wannan kogi namu na Kwara, wanda kuma sarakuna da talakawa, da Musulmi da masu tsafi, suka buɗe masa ƙofofinsu, domin shi ya fara buɗe musu kunnensa.

YARON DA BA MAI JIN KUKANSA

An haifi Ajayi a wani gari na ƙasar Yarabawa, sunansa Oshogun, wajen shekara ta 1809. A cikin 1821, da safe, mahara suka faɗa wa garin, suka sa masa wuta, suka kama shi da uwarsa da 'yan'uwansa mata. Yawancin maharan nan Musulmi ne, Yarabawa da Filani. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Aka musanya shi da doki, dokin bai gamshi mai shi ba, aka komo da yaron. Daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Kowace tafiya tana ƙara nisanta shi da harshen gidansu, har ya kai inda in ya yi magana ba a fahimta sosai, in an yi masa kuma ba ya ganewa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya nemi ya kashe kansa, amma Allah ya tsare shi.

A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, aka sa shi cikin jirgin bayi. A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa ba, sai jiragen yaƙin Ingila suka tare shi, suka kwance bayin. Amma yaran ba su san ceto ne ya zo ba, gama ba mai faɗa musu da bakin da su ke ji. Da Ajayi ya ga naman alade rataye cikin jirgin Ingilishi, ya ga kuma tarin harsasan igwa, sai ya zaci naman abokansa ne da kawunansu. Dubi, ya mai karatu, yadda mai cetonka ya kan zame maka dodo in babu magana tsakaninku. Yaron nan ya ɗanɗana zaman wanda ba a jinsa tun yana ɗan shekara goma sha uku, bai kuwa manta da ɗacinsa ba har tsufansa.

A ƘASAR SALIYO

Aka sauke shi a Saliyo, inda a ke tara 'yantattun bayi daga ƙasashe dabam dabam, har harsunan da a ke ji a wurin sun fi 100. Masu wa'azi na ƙungiyar C.M.S. suka karɓe shi, ya koyi karatu da hanzari, ya kuma koyi sassaƙa. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Samuila Crowther. Sunan kuwa ya dace, gama Samuila na dā yaro ne wanda Ubangiji ya kira da dare, ya kasa kunne ya ji. A cikin 1827 shi ne na fari da aka rubuta cikin almajiran makarantar Fourah Bay. Bayan wannan ya zama malamin makaranta, ya yi aure.

Ba a haife shi da halin sauraro cikakke ba, koyonsa ya yi. Sa'ad da ya ke saurayi, wani yaro ɗan Musulmi ya zo makaranta da laya a wuya. Malam Ajayi ya tsinke layar, ya ce ya kai ta gida. Uban yaron ya zo da fushi. Ajayi ya ce a kira manyan Musulmin garin a yi muhawara, ya shirya ayoyinsa sarai, da na Linjila da na Alkur'ani. Suka zo, suka faɗi abin da suka gaskata, suka tsaya a kai, ba su shiga gardamar da ya shirya ba. Aka watse, ba wanda ya gusa daga inda ya ke. Ajayi ya riƙe abin nan a zuciyarsa, har ya rubuta shi da tsufansa. Ya gane mutum ya kan rinjayi maƙwabcinsa da baki, ya kuwa rasa shi. Tun daga ran nan ya soma barin hanyar gardama.

KOGIN KWARA

Ku mutanen Yawuri kun san labarin Baturen nan Mungo Park, wanda ya biyo kogi da jirginsa a farkon 1806. Jarumi ne, amma tsoro ya sa ya ƙi ratsewa bakin gaɓa ya gai da masu ƙasa, masu matsowa da kwalekwale kuwa da bindiga a ke amsa musu. A Yawuri tafintansa ya rabu da shi, ya wuce ba shi da mai yi masa magana da mutane, ya hallaka cikin duwatsun Busa, inda ruwan tafkin Kainji ya rufe yanzu. A cikin 1830 waɗansu 'yan'uwa biyu, su Lander, suka zo Yawuri neman takardunsa, suka zauna wurin Sarki, kāna suka gangara da jiragen ƙasa har bakin teku. Ta haka Turawa suka san mafitar Kwara.

A cikin 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin, su ƙulla alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi. Ƙungiyar C.M.S. ta sa mutum biyu cikinsu, da Schön Bajamushe, da Ajayi, aka kuma umurce su su koyi Hausa domin tafiyar. Suka kai Egga a ƙasar Nufe, amma zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka komo da baƙin ciki. Duk da haka mutanen nan biyu sun komo da riba, gama ko'ina jirgi ya tsaya su kan tambayi sunan abu, su rubuta, su sāke tambaya. Schön ya riƙe Hausa har mutuwarsa. Daga baya ya zauna da wani saurayi Bahaushe, Dorugu, a Ingila, yana jin labarunsa yana rubutawa, har ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876. Ajayi kuwa, littafin tafiyarsa ya nuna irin hankalinsa, aka kira shi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843.

MAI TSINTAR KALMOMI

Aka aike shi ƙasar haihuwarsa, ya shiga Abekuta a 1846. A can Allah ya gama shi da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Suka riƙe juna suna kallo, hawaye na zuba, magana ta gagara. Bayan shekara biyu ta karɓi baftisma, aka kira ta Hannatu.

Babban aikinsa a lokacin nan shi ne juya Maganar Allah zuwa Yarabanci. Ko da shi ke harshen uwarsa ne, bai ɗauka ya riga ya san shi ba. Ya kan zauna wurin tsofaffi sa'ad da su ke shari'a ko hira, ya kan je wurin masu duba da masu tsafi, ya yi shiru yana jin yadda su ke kiran Allah, da zunubi, da hadaya, da gafara. In wata kalma mai nauyi ko karin magana ta fito, sai ya riƙe ta, ya koma gida ya rubuta. Ya lura kuma da hawa da saukar murya, waɗanda su ke sāke ma'anar kalma, ya sa musu alama cikin rubutu. Shi ya sa da aka karanta Linjila a Abekuta, mutane suka ji ta da bakin gidansu.

SHEKARA GUDA A BAKIN JABBA

A cikin 1854 ya bi Likita Baikie suka hau Binuwai, ba wanda ya mutu, gama sun sha kwinin. A cikin 1857 suka sāke tasowa da wani jirgi mai suna Dayspring, da niyyar su kai gaisuwa har Sakkwato. Suka kafa aiki a Anaca, suka gai da sarakunan Nufe, Usman Zaki da Masaba, a Bida. Amma jirgin bai kawo Yawuri ba. A watan Oktoba ya bugi dutse kusa da Jabba, kudu da inda aka gina madatsar Kainji daga baya, ya fashe. Suka tsira da rayukansu, suka yi bukkoki a bakin kogi, suka zauna wajen shekara guda suna jiran wani jirgi.

Wani mutum da ya ƙare shekaran nan da gunaguni. Ajayi ya mai da ita makaranta. Ya zauna da masunta da masu fito yana koyon Nufanci. Ya bincika abin da su ke tsoro game da dutsen nan na tsakiyar ruwa wanda su ke yi wa hadaya, bai yi musu dariya ba. Ya riƙa zuwa Raba, inda ayarin fatake na Kano da Ilori su ke ƙetare kogi, yana zama a zango yana jin Hausarsu da labarin ƙasashensu. Baƙo, in ji masu magana, makaho ne ko da idonsa, shi kuwa ya yarda a ja shi. Daga zaman nan littattafansa na Nufanci suka fito, na koyon karatu a 1860, na nahawu da kalmomi a 1864.

A cikin 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa suka ƙone ƙurmus. Abin ya yi masa zafi fiye da hasarar kaya. Amma ya ɗauki alƙalami ya soma daga fari.

A GABAN SARAKUNA

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, shi ne baƙin mutum na fari da ikilisiyar Ingila ta ba wannan matsayi. Ya komo Kwara, ba shi da soja, ba shi da dukiya. A ƙasar Nufe ba shi da ikon kafa ko rumfa sai da yardar Sarki. Ya riƙa zuwa Bida gaisuwa wurin Masaba, ya zauna inda aka zaunar da shi, ya bar Sarki ya gama faɗin abin da ke ransa kafin ya kawo nasa. Ya lura Musulmi suna girmama Attaura da Zabura da Linjila, suna kuma ambaton Isa ɗan Maryamu da ladabi, sai ya nemi Littafi Mai Tsarki na Larabci yana ba sarakuna da malamai kyauta. Ku tuna, Musulmi ne suka ƙone garinsu suka sayar da shi. Da ya so riƙo, yana da dalili. Amma gafarar da ya samu wurin Almasihu ta wanke kunnensa.

A cikin 1872 ya biyo ta Ilori, Sarki ya kira shi fada a gaban malamai da hakimai. Suka tambaye shi ko wane ne Yesu, ko kuma zai komo ya yi wa duniya shari'a, da lokacin komowarsa. Wuri ne mai hatsari, gama magana zarar bunu ce. Bishop ya ji kowace tambaya har ƙarshenta. Ya san Mala'ika Jibrila abin girmamawa ne a wurinsu, sai ya buɗe Linjila ta Luka, ya karanta musu saƙon da Jibrila ya kawo wa Maryamu. Sauran tambayoyi ma haka ya yi, ya buɗe Littafi ya karanta, bai ƙara zagi ko ba'a ba, bai kuma ɓoye kome cikin bangaskiyarsa ba. Da aka gama, ba wanda ya tashi da fushi, har suka so su ji irin addu'ar Kirista. Ya karanta musu addu'ar da a ke yi wa Sarauniyar Ingila, ya bayyana musu al'adar masu bi ce su yi wa sarkin ƙasar da su ke ciki irin wannan roƙo. Fada duka ta ga abin ya yi kyau.

Bayan shekaru, sa'ad da barasar Turawa ta soma ɓata mutanen Nufe, Sarki Maliki na Bida ya rasa wanda zai kai kukansa Ingila. Sai ya aika wa Bishop da takarda, ya kira shi uba, ya roƙe shi ya isar da maganar ga Sarauniya. Sarki Musulmi ya ba Kirista amanar kukansa, domin an daɗe da shaida mutumin nan mai ji ne.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Muna so a ce labarin ya ƙare da daɗi, amma gaskiya ta hana. Da ya tsufa, waɗansu samari masu wa'azi suka zo daga Ingila, masu himma da son Allah, amma masu gaggawa. Suka ga aibu cikin ikilisiyoyin Kwara, waɗansu aibun kuwa gaskiya ne, gama ma'aikata kaɗan ne, nisa da yawa, Bishop kuma mai jinkirin hukunci ne. Sai dai ba su zauna sun tambayi tsohon da ya yi shekara hamsin a kogin ba. A taron da aka yi a Anaca cikin 1890, aka dakatar da ma'aikatansa a gaban idonsa ba tare da an ji bakinsu yadda ya kamata ba, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara fiye da 80 ya sha magana mai zafi daga sa'o'in jikokinsa. Bai rama ba, ya sauka daga shugabancin taron. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

Hasarar ba tasa kaɗai ba ce. Zumuncin da ya ƙulla a hankali ya raunana, ikilisiya ta tsage, aka kuma yi shekaru masu yawa ba a sāke ba baƙin mutum riƙon ƙasa irin nasa ba. A cikin 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari ya tsaya cikin majami'ar nan ya bayyana tuba saboda abin da aka yi masa. Abin da zaman kwana kaɗan da kasa kunne zai gyara, ya zama abin kunya na shekara ɗari.

ABIN DA ZA MU KOYA

Ƙasarmu ta bakin ruwa ta yi kama da wuraren da Ajayi ya yi aiki. Ran kasuwa a Yelwa ko Wara za ka ji bakin Gungawa, da na Kambari, da Dukawa, da Shangawa, da Filani, da Nufawa, ga Sarkawa da kifinsu, ga masu albasa da shinkafa. Hausa ta gama mu a ciniki, amma kowa da harshen da ya ke kuka da shi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungu da gonaki da kaburburan kakanni, aka ta da mutane aka zaunar da su kusa da waɗanda dā ba maƙwabtansu ba ne. Inda zama ya matsu haka, tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin Kirista da Musulmi, ƙaramar magana da ba a ji da kyau ba ta isa ta ta da wuta.

Na fari, ka bar ɗan'uwanka ya kai aya. Da yawa cikinmu, sa'ad da wani ke magana, muna wasa wuƙar amsa ne a zuci. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ba kuwa za ka sani ba sai ya faɗa maka.

Na biyu, ka koyi bakin maƙwabcinka, ko gaisuwa ce kaɗai. Bishop bai ga ƙasƙanci ba ne ya zama almajirin masunci. Wanda ka tambaye shi sunan abu da harshensa, ka shaida masa ke nan shi mutum ne mai abin bayarwa.

Na uku, sauraro ba musun bangaskiya ba ne. A Ilori Ajayi bai rage kome daga Linjila ba. Amma da ya ji tambayar sosai, ya san ƙofar da zai shiga. In maƙwabcinka Musulmi ya tambaye ka, ka amsa abin da ya tambaya, da ladabi, ka bar sauran ga Ruhun Allah.

Na huɗu, ka soma a gida. Mai gida ya ji matarsa, uwa ta ji 'yarta, dattawan ikilisiya su ji wanda a ke ƙara kafin su yanke. Ku samari masu ilimi da himma, ku tuna da taron Anaca, ku zauna wurin tsofaffi tun suna da rai.

Gaba da wannan duka, mu dubi Ubangijinmu. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka same shi cikin Haikali yana jin malamai yana yi musu tambaya. Ya tsaya domin kukan makaho Bartimawus sa'ad da taro ke tsauta masa, ya tambaye shi bukatarsa ko da shi ke ya san ta. A hanyar Imwasu ya bar almajirai biyu suka zazzage baƙin cikinsu kafin ya buɗe musu Littattafai. Allahn da ya ji nishin bayi a Masar, shi ne ya ji yaron nan cikin jirgin Ikko. Wanda aka ji kukansa haka, ba shi da hujjar toshe kunne ga ɗan'uwansa.

Ya Ubangiji, kai da ka ke jin mu tun ba mu buɗe baki ba, ka ba mu kunne mai haƙuri da harshe mai jinkiri. Ka koya mana mu ji maƙwabtanmu kamar yadda bawanka Samuila ya ji nasa, domin salama ta zauna a bakin wannan kogi, sunanka kuma ya sami girma, ta wurin Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.